Kwana uku ina dafa Gentoo, kwana biyu ina neman ƙofar shiga

Bayan ƙaramar Sallar 2024 ne, lokacin da zafin Kano ya kai inda ko fanka iska mai ɗumi take hurawa, na ƙudura sai na girka Gentoo, wani nau'in Linux, a kwamfutata. Ta hannu ce na saya, Core i5 ƙarni na takwas, RAM gig 8, da faifan NVMe mai gig 256. Na ce tawa, amma gaskiya ta mu biyu ce, don ƙanwata tana ajin ƙarshe a jami'a, kuma furojet ɗinta kaf yana cikin Windows 10 da ke kan faifan. Na matse wa Windows wuri, na yanko gig 100 daga ƙarshen faifan, na ce mata ba abin da zai taɓa kayanta. Ta ce, "To Yaya, Allah Ya sa."

Wanda ya saba da Ubuntu ko Mint ya saba da abinci dafaffe: ka sauke, ka danna, ka ci. Gentoo kuwa ɗanyen cefane take miƙo maka. Tun da Daniel Robbins ya kafa ta, aka fitar da sigar 1.0 a 2002, tsarinta ke nan. Kana ba da umarnin emerge, Portage, mai kula da manhajojin Gentoo, ya ɗebo rubutun asali na manhaja, kwamfutarka ta harhaɗa shi da kanta gwargwadon abin da ka zaɓa a cikin fayil ɗin saiti mai suna make.conf. Tun Disambar 2023 sun fara ba da dafaffun manhajoji ga wanda ba ya son jira, amma girman kai bai bar ni na taɓa su ba. Na ce in dai dafaffe zan ci, me ya raba ni da Ubuntu?

Kwana uku na farko ba su da wani labari. Na tayar da kwamfutar da filashin girkawa, na zazzage stage3, wato ƙunshin harsashin Gentoo, na baje shi a sabon yankin da na yanka, na shiga ciki da umarnin chroot, na sa -j4, wato a riƙa dafa aiki huɗu lokaci guda, saboda ƙa'idar da ake bi ta ware wa kowane aiki kamar gig 2 na RAM. Kwamfutar ta yi ta huci, na ɗora ta a kan murfin tukunya biyu don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Kanel ma, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'urorin kwamfuta, da hannu na tsara shi, na yi awa uku a cikin jerin zaɓinsa na menuconfig ina cire abin da nake ganin ba na buƙata, ina jin kaina wani gwani. A daren na uku abu ɗaya ya rage: butloda, wato ƙaramar manhajar da ke ɗauko kanel daga faifai ta ɗora shi a RAM ta ce masa bismilla. A littafin jagora na Gentoo, sashen nan bai taka kara ya karya ba. Na lissafa minti goma na gama.

Na rubuta GRUB_PLATFORMS="efi-64" a make.conf, na dafa GRUB, butlodar da na zaɓa, na ɗaura yankin EFI, inda fayilolin tayarwa ke zama, a kan /efi, sannan na ba da umarnin grub-install --efi-directory=/efi. Sai ya ce wai /usr/lib/grub/i386-pc/modinfo.sh babu shi, in faɗa masa irin injin da nake nufi.

A nan ya kamata na tsaya. Kalmar i386-pc ɗin nan ita ce dukan labarin, tana gabana ƙuru-ƙuru, amma ido na kan rabin jimlar da ke cewa in ƙara wani abu. Na ƙara --target=x86_64-efi. Ya yi kamar zai wuce, sai ya fito da wannan:

EFI variables are not supported on this system.

Ƙarfe ɗaya na dare ta wuce, idanuna sun yi jawur. Na leƙa /efi/EFI/gentoo na ga grubx64.efi zaune daram. Na ce ai ga shi nan ya shiga, surutun banza ne kawai. Na fita, na zare filashi, na sake kunnawa. Tambarin kamfani ya bayyana, ɗigogin nan suka fara zagaye, Windows ta buɗe lafiya lau da hoton ƙanwata a allo, kamar ban taɓa yin komai ba. Kwana uku na aiki, ko ƙyallinsa babu.

Da safe na kira wani babban yayanmu a harkar, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya fara koya mini Linux. Na zayyana masa komai, har da ƙorafin cewa GRUB ɗin Gentoo ne ba shi da kyau. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ƙanena, tayar da ita da filashin nan kamar yadda ka saba, ka rubuta ls /sys/firmware/efi ka karanta mini." Na yi. Na ce, "Malam, ta ce babu wannan wurin." Ya yi dariya har da tari. "Ta wace ƙofa ka shiga?"

Ashe duk lokacin da na danna maɓallin zaɓen abin tayarwa, filashin sau biyu yake fitowa a jerin. Ɗaya da sunansa kawai, ɗaya kuma an rubuta UEFI a gaban sunan. Ni na sama nake danna wa, don shi ne a sama. Kuma ni da hannuna na jawo: ranar farko da na shiga saitin BIOS don kashe Secure Boot, na ga wani zaɓi na tsohon salon tayarwa na kunna shi, a tunanina Linux ta fi son haka.

Bambancin ƙofofin biyu shi ne abin da na kwana uku ban gane ba. A tsohon salo, BIOS ba ta san fayil ba, ba ta san folda ba. Abin da ta sani kawai ta karanta bayit 512 na farkon faifai, inda 446 daga ciki ke ɗauke da ɗan guntun umarnin tayarwa, ta miƙa masa ragama ta koma gefe. UEFI kuwa ta iya karatu. Tana buɗe wani ƙaramin yanki mai tsarin FAT, ta nemi fayil mai ƙarewa da .efi ta tayar da shi. Amma ba kowane fayil ta gani take ɗauka ba. Tana da nata kundin rajista a cikin wata 'yar ma'ajiya da ke kan allon kwamfutar, ba a faifai ba, inda aka jera sunaye da wanda za a fara kira. Aikin grub-install biyu ne: ya ajiye fayil ɗin, sannan ya sa efibootmgr ya rubuta sunansa a kundin. Shi kuwa kundin ba ya buɗuwa sai ga wanda ya shigo ta ƙofar UEFI. Nawa GRUB ɗin ya shiga aji ya zauna, amma sunansa ba ya cikin rajista, don haka da aka zo kiran suna Windows kaɗai ta amsa. Shi ya sa tun farko grub-install ya ambaci i386-pc: ya duba ya ga babu /sys/firmware/efi, ya ɗauka tsohuwar kwamfuta ce a gabansa. Gaskiyarsa ya faɗa.

Malam ya ƙara mini da cewa akwai wata hanyar, wato a ƙara --removable, sai GRUB ya kwanta a EFI/BOOT/BOOTX64.EFI, wurin da UEFI ke dubawa ko babu rajista, irin yadda filashi ke tashi a kowace kwamfuta. Amma ya ce kada na yi, tunda akwai Windows a faifan kuma tana da nata fayil a wannan gurbin. "Koma ka shigo ta ƙofar gaba kawai."

Na kashe tsohon salon a saiti, na zaɓi layin da ke da UEFI, na sake ɗaura komai: /proc, /sys, /dev, /run, ɗaya bayan ɗaya. Wannan jerin umarnin sai da na haddace shi kamar karatun allo, don a kwana biyun nan na maimaita shi ya fi sau goma. Garin sauri na manta ban ɗaura yankin EFI ba, GRUB ya ce /efi bai yi masa kama da yankin EFI ba, na ɗaura na sake. Sai ga layin da nake jira: Installation finished. No error reported. Na kira efibootmgr, ya jero Windows Boot Manager, ga gentoo, kuma gentoo ce a gaba. Na yi hamdala na sake kunnawa.

Baƙin allo, da 'yan layukan bayani a sama, sai wannan a ƙasa yana ƙyafta mini ido:

grub>

Babu jerin zaɓi, babu Gentoo, babu Windows. Kuma daidai lokacin ƙanwata ta shigo da littattafanta tana son ta gyara babi na huɗu, don jibi za ta kai wa malaminta. Ta leƙo ta kafaɗata, ta kalli allon, ta kalle ni. "Yaya, ina Windows ɗin?" Na ce tana nan. "Ina?" Muryarta ta fara rawa. Daga tsakar gida Umma ta jiyo mu, ta ɗaga murya ta ce, "Kai dai garin neman gira za ka rasa ido. In ka ɓatar wa yarinyar nan da aiki, ni da kai ne." Ni kaina gabana ya faɗi, don sai a lokacin na tuna ban kwafe mata furojet ɗin a ko'ina ba kafin na fara yanka faifai. Wannan ganganci ne tsantsa, ba ni da abin kare kai.

Na kashe, na kunna, na danna maɓallin zaɓe, na sauka kan Windows Boot Manager. Ta buɗe. Ƙanwata ba ta ce uffan ba, ta ɗauko filashinta ta kwafe foldarta gaba ɗaya, ta kuma tura wa kanta ta imel, sannan ta zauna ta yi aikinta awa biyu ina gefe ina kallon silin.

Da ta tashi na koma wa grub> ɗina. Laifin a bayyane yake: na girka GRUB amma ban ba shi takardar aiki ba, wato ban yi grub-mkconfig ba, don haka babu grub.cfg da zai karanta. Da na ga dama sai na koma ta filashi, amma na ji ina son na gwada tayar da ita da hannu daga nan inda nake, kuma ban yi nadama ba, don a nan ne na fara ganin abin da GRUB yake yi a ɓoye kullum. Na rubuta ls. Ya jero (hd0,gpt1) har zuwa (hd0,gpt6). Na bi su ina leƙawa. A gpt1 na ga foldar EFI. A gpt6 na rubuta ls (hd0,gpt6)/ sai ga bin, boot, etc, home, usr, gidana sak. Na rubuta set root=(hd0,gpt6), sannan linux /boot/vml na danna Tab, ya ƙarasa mini sunan kanel ɗin 6.6 da na dafa da kansa. Wani daɗi ya kama ni, kamar ka yi sallama a baƙon gari a amsa da sunanka. Na ƙara root=/dev/nvme0n1p6, na sauka layi na rubuta boot.

Rubutu ya fara gudu a allo, fari a kan baƙi, da saurin da ido ba ya iya bi. Daƙiƙa biyu ko uku. Sai ya tsaya cak, fitilar Caps Lock ta fara ƙyaftawa.

Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)

Na ɗauki hoton allon na tura wa Malam, na rubuta masa cewa GRUB ya sake lalacewa. Ya kira ni nan take. "Bar GRUB ya huta, ya gama nasa. Wa ya rubuta maka wannan saƙon?" Na duba na ce kanel. "To ka gani. Mai rakiya ya kawo ka har bakin ƙofa ya juya. Yanzu karanta mini lambobin ƙarshe." Na ce sifili da sifili. Ya ce wannan na nufin kanel bai ga faifan ba sam. Da ya gan shi amma ya kasa karanta tsarin fayilolin da ke ciki, da lambobin gaske zan gani, irin 259 da wani abu ga NVMe, ko 8 da wani abu ga faifan SATA. "Direban NVMe, tauraro ka sa masa ko M?"

Na san amsar tun kafin na duba. A menuconfig, tauraro na nufin a gina direba a cikin jikin kanel, M kuma na nufin a ajiye shi gefe a matsayin fayil, a ɗauko shi in buƙata ta taso. Ni da nake son kanel ɗina ya zama siriri, na bi kusan komai na maƙala masa M, har da CONFIG_BLK_DEV_NVME. Fayil ɗin direban yana /lib/modules, /lib/modules yana kan faifan NVMe, faifan kuma ba ya buɗuwa sai da direban. Na kulle ɗaki na bar makullin a ciki. Abin da ya ruɗe ni shi ne GRUB ya ga faifan ba wahala, amma ashe shi da idon UEFI yake gani, kuma da zarar kanel ya karɓi ragama wannan aron ya ƙare, sai abin da ya zo da shi. Sauran rabe-raben Linux suna kauce wa wannan da initramfs, wani ɗan ƙunshin direbobi da GRUB ke ɗorawa a RAM tare da kanel. Ni kuwa na tsallake shi, wai ba na son kayan nauyi.

Malam ya ba ni shawarar da na so na ƙi. Ya ce na girka gentoo-kernel-bin, dafaffen kanel da masu Gentoo ke rabawa, na ajiye shi a gefe. Na ce, "Malam, ai wannan kamar sallamawa ce." Ya ce, "Direban da ya fi kowa iya tuƙi ma da safaya yake tafiya." Na yi shiru. Na koma ta filashi, na kunna dracut, mai gina initramfs, da grub a alamomin USE, wato zaɓuɓɓukan manhajar installkernel, na sauke shi. Wannan karon initramfs ya ginu da kansa, grub.cfg ma ya rubutu. Na sake kunnawa, jerin zaɓi ya fito, na danna, sai ga OpenRC, mai tayar da ayyukan Gentoo, tana jero koren ok ɗinta a gefen dama har zuwa inda ake tambayar suna. Ban yi ihu ba don Umma ta kwanta, amma na miƙe tsaye.

Nawa kanel ɗin kuma ban haƙura da shi ba. Daga cikin Gentoo ɗin da ta tashi na yi lspci -k, wanda ke nuna kowace na'ura da direban da ke riƙe da ita, na kwafe sunayen a bayan wata takardar rasit. Na koma menuconfig na mayar da NVMe tauraro, na tabbatar ext4 ma tauraro ne. Ana tsakiyar harhaɗawa aka ɗauke wuta, batirin kuwa ba ya kai minti arba'in in ana irin wannan aikin. Na dakatar, na rufe, na bari sai da asuba da wuta ta dawo. Abin da ya yi mini daɗi shi ne make ba ya komawa farko, daga inda ya tsaya ya ɗora. Kafin a idar da sallah a masallacin unguwa ya gama. Na girka, na zaɓe shi a jerin, ya tashi, kuma ya fi dafaffen saurin isa da 'yan daƙiƙoƙi, waɗanda na san ba za su taɓa biyan kwana biyun da na kashe ba.

Saura Windows, wadda har yanzu ba ta cikin jerin GRUB, sai an bi ta maɓallin zaɓe. Ƙanwata ta ce ita ba za ta riƙa farautar maɓalli duk safiya ba. Dalilin rashinta ba kuskurena ba ne wannan karon, ko da yake rashin sanina ne. Tun sigar 2.06 da ta fito a 2021, GRUB ya daina neman sauran manyan manhajoji da kansa saboda dalilin tsaro, sai ka ce masa ya nema. Na girka os-prober mai yin wannan neman, wanda ya sa na sake dafa GRUB da alamar mount, na buɗe /etc/default/grub na rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, na sake grub-mkconfig -o /boot/grub/grub.cfg. A cikin layukan da ya fitar na ga ya ce ya sami Windows Boot Manager a /dev/nvme0n1p1. Na ƙara lokacin jira daga daƙiƙa 5 zuwa 10, na kuma sa Windows ta zama ita ke tashi in ba a taɓa komai ba, don a zauna lafiya.

Na kira ta na nuna mata. Ta kunna da kanta, ta jira, Windows ta buɗe, ta duba babi na huɗu yana nan. Har ta fara bugawa sai ta tsaya ta kalli kusurwar allon, ta kalli wayarta. "Yaya, agogon nan ƙarfe ɗaya yake nunawa, kuma yanzu biyu ta yi."

Na gane wannan ba tare da na kira kowa ba. Linux tana ajiye agogon cikin injin a lokacin UTC ta ƙara awa ɗaya ta Najeriya wajen nunawa, Windows kuma tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gida. Na ce ta ba ni minti biyu na shiga /etc/conf.d/hwclock na mayar da clock="UTC" zuwa clock="local". Ta janye kwamfutar zuwa cinyarta ta ce, "A'a Yaya. Bar shi haka, ina da agogo a waya. Sai na kai wa malamina aikin nan tukuna."

Sai ranar Alhamis da daddare, bayan ta dawo da sa hannun malamin a shafin farko, ta miƙo mini ita na gyara.